Shirin zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: tambayoyi da amsoshi ga mara lafiya da mai jinyarsa

Masu fama da farfaɗiya, cutar Parkinson (mai kawo karkarwa da sanƙarewar jiki), shanyewar ɓarin jiki, cutar MS (mai lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka), cutar myasthenia (mai raunana tsoka) da makamantansu kan yi watanni suna jiran ranar ganin ƙwararren likita, sannan a gama ganawar cikin 'yan mintuna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin marasa lafiya da masu jinyarsu. Inda umarnin likitan da ya duba ka ya saɓa da abin da ke nan, nasa za ka bi.

Me ya sa sai an yi wani shiri? Ba zuwa kawai zan yi a duba ni ba?

A cututtukan ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi, bayanin da ka bayar shi ne babban abin da likita yake dogara da shi, domin yawancin alamomin ba sa faruwa a gabansa. Farfaɗiyar ta tashi ne makon jiya cikin dare. Karkarwar hannun ta lafa saboda ka sha magani awa ɗaya kafin ka shigo. Ko na'ura ba ta cika cike wannan giɓi ba: gwajin EEG, wato awon motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, na mai farfaɗiya yakan fito babu komai idan an yi shi tsakanin tashi da tashi, cutar Parkinson kuma galibi da sauraron bayani da duba jiki ake gane ta.

Ga kuma ƙarancin lokaci. Ganin farko yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, na bibiya kuwa sau da yawa ba ya wuce minti 15 zuwa 20. Cutar da ta kawo ka ita ce kuma take rage maka ƙarfi, tunawa da saurin magana, a daidai lokacin da ka fi buƙatarsu. Abin da ka rubuta a gida cikin natsuwa shi zai yi magana a madadinka idan gajiya ta ci ƙarfinka.

Yaushe ya kamata in fara?

Fara littafin alamomi mako 2 zuwa 4 kafin ranar. Idan saura mako ɗaya, tattara takardu, ka tsayar da wanda zai raka ka, ka kira asibitin ka tabbatar da rana da lokaci. A kiran nan ka tambayi abu uku: za a yi wani gwaji a ranar, za ka sha maganinka na safe kamar kullum, kuma keken guragu yana isa har ƙofar ɗakin likita? Jaka kuma tun daren jajibere ake haɗa ta, don jikin wasu masu irin wannan ciwo ya fi sanƙarewa da nauyi da safe.

Me zan rubuta a littafin alamomin?

Layi ɗaya ko biyu a rana sun isa, muddin ana rubutawa a ranar da abin ya faru. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, lokaci, abin da ya faru, ɓangaren jikin da ya shafa, tsawon lokacin da ya ɗauka, da abin da kake yi kafin ya fara. Ƙara lokacin da ka sha magani da awannin da ka yi barci. "Na ji jiri" ba ya gaya wa likita komai sosai. Rubuta ko ɗakin ne ya riƙa juyawa, ko idonka ne ya yi duhu da ka miƙe tsaye, ko ƙafafunka ne suka kasa daidaita. Waɗannan uku sanadinsu daban-daban ne, maganinsu ma haka.

Kowace cuta da abin da ake bibiya a kanta. Mai farfaɗiya ya rubuta yawan tashi a wata, ko akwai wani ji da ke zuwa kafin ta tashi kamar baƙon wari ko motsi a ciki, da minti nawa yake ɗauka kafin hankalinsa ya dawo. Mai cutar Parkinson ya rubuta minti nawa maganin levodopa ke ɗauka kafin ya fara aiki, da lokacin da ƙarfinsa ke ƙarewa kafin sha na gaba, domin da wannan ake gyara jadawalin magani. Mai myasthenia ya lura ko fatar ido na faɗowa, ko yana gani biyu-biyu, ko tauna na gagara yayin da yamma ke yi. Mai ciwon kai mai tsanani ya ƙirga kwanakin ciwo da kwanakin da ya sha maganin zugi a wata, saboda yawan shan maganin shi kansa yana iya dawwamar da ciwon.

Ƙirga faɗuwa, kowace ɗaya, har da wadda ba ka ji rauni ba. Kafin ranar, ka taƙaita littafin a rabin shafi, misali "na faɗi sau 3 a wata biyu, duk wajen juyawa". Likita ba zai samu lokacin karanta shafi 30 ba, amma zai buɗe wurin da taƙaitawar ta nuna masa.

An ce in kawo bidiyo. Yaya ake ɗaukarsa ya yi amfani?

Tsaron mara lafiya ne farko. Idan farfaɗiya ta tashi kuma mutum ɗaya ne a wurin, ya kawar da abin da zai ji masa rauni, ya sa abu mai taushi a ƙarƙashin kansa, ya kwantar da shi ta gefe da zarar fizgar ta lafa, kada kuma a cusa masa komai a baki. Idan akwai mutum na biyu, shi ne zai riƙe waya.

A kunna fitila, a ɗauki dukan jiki daga kai zuwa ƙafa, sannan a matso kan fuska domin a ga ko idanu a buɗe suke da ɓangaren da suka juya. A cire bargo. Mai ɗauka ya faɗi lokaci da baki, ya kira sunan mara lafiyan a ga ko zai amsa, ya ci gaba da ɗauka bayan abin ya tsaya, don yadda mutum ke farfaɗowa yana taimaka wa likita ya bambance farfaɗiya da suma. Ga matsalar tafiya ko karkarwa, bidiyon daƙiƙa 30 zuwa 60 a lokacin da jiki ya fi muni ya wadatar. Ware bidiyo biyu ko uku a wuri guda a wayar, kada lokacin ganawa ya tafi a nema.

Waɗanne takardu zan ɗauko?

Takardar da aka turo ka da ita, katin asibiti, takardun sallama idan an taɓa kwantar da kai, da sakamakon gwaje-gwajen baya, a jere daga sabo zuwa tsoho. Game da hoton MRI ko CT, kawo hotunan su kansu a faifai ko fim tare da rubutaccen rahoton. Likitan jijiyoyi yakan so ya gani da idonsa, ya kwatanta na bana da na bara, kuma rashin tsohon hoto kan jawo a maimaita gwajin da an riga an yi.

Shirya shafi ɗaya da zai hau saman komai: shekarar da ciwon ya fara da alamar farko, sunan cutar idan an tabbatar, sauran cututtukanka kamar hawan jini da ciwon suga, tiyatar da aka taɓa yi maka, da ko wani a dangi yana da irin wannan ciwo. Rubuta kuma ko bahago ne kai ko badama, za a tambaya. Ɗauki hoton duk takardun a waya kafin ka miƙa su.

Jerin sunayen magunguna ya isa, ko sai na kawo su?

Kawo su cikin kwalayensu, gaba ɗaya, har da wanda ka saya da kanka, ƙwayoyin ƙarin kuzari, da na gargajiya. Kwali yana nuna ƙarfin ƙwayar da ko mai saurin narkewa ce ko mai aiki a hankali, abin da mutane ke yawan rikitawa. Rubuta yadda kake sha a zahiri, ko da ya bambanta da abin da aka rubuta maka. Idan kana tsallake na rana saboda yana sa ka barci, faɗi. Likitan da ya zaci kana shan magani cikakke alhali ba ya aiki zai ƙara maka ƙarfinsa ko ya canza shi, gyaran da ba ka buƙata.

Magungunan wasu cututtuka suna iya tsananta ciwon jijiyoyi. Metoclopramide da ake bayarwa don amai da haloperidol suna ƙara alamomin Parkinson. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su gentamicin da ciprofloxacin suna iya ƙara raunin mai myasthenia. Shi ya sa ake so a ga komai. Lissafa kuma magungunan da aka gwada a baya aka daina, da dalili, musamman wanda ya taɓa fito maka da ƙuraje.

Mace mai shan maganin farfaɗiya da take da ciki, ko take shirin ɗauka, ta faɗa tun farkon ganawa. Sodium valproate yana iya cutar da ɗan tayi, carbamazepine da phenytoin kuma suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Duk da haka kada ta daina sha da kanta kafin a tsara mata canji.

In sha maganina da safen ranar?

Idan ba a ce maka komai ba, sha kamar kullum. Daina maganin farfaɗiya kwatsam yana iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa, yanke levodopa ko baclofen (maganin sanƙarewar tsoka) farat ɗaya ma yana da haɗari. Wuri biyu ne aka fi canza wannan. Idan za a auna yawan maganin farfaɗiya a jini, galibi ana ɗibar jinin kafin sha na safe. Wani lokaci kuma likitan Parkinson yana son ganin jikinka kafin magani ya fara aiki. A duka biyun asibiti ne zai faɗa, kai kuma ka zo da maganin da ruwa ka sha da zarar an gama. Ko yaya, ka riƙo na yini guda a jaka, domin jira kan wuce lokacin sha na gaba, kuma ka gaya wa likita ƙarfe nawa ka sha na ƙarshe.

Wa ya fi dacewa ya raka ni?

Wanda ya fi ganin ciwon da idonsa, ko da ba shi ne babba a gida ba. Mai farfaɗiya ba ya sanin abin da ya faru lokacin da hankalinsa ya gushe, mai barci ba ya sanin yana naushi ko ihu cikin mafarki. Idan wanda ya shaida ba zai iya zuwa ba, ya rubuta abin da ya gani, ko ya bar wayarsa a kunne.

Ku raba aiki tun daga gida. Kai za ka fara bayani, shi ya cike abin da ka manta kuma ya rubuta abin da likita ya ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗan rakiya ya riƙa amsa kowace tambaya. Yadda kake magana, saurinka da kalmomin da kake nema duk suna cikin abin da likita ke aunawa, don haka a bar ka ka amsa ko da za ka ɗauki lokaci. Idan akwai abin da ba ka son faɗa a gabansa, kana da damar neman ya ɗan fita.

Tafiya da zaman jira suna gama da ni kafin in ga likita. Me zan yi?

Nemi a ba ka lokacin da jikinka ya fi sakewa, kuma kada ka haɗa wata hidima da ranar ko ranar da ta gabace ta. Ko kana iya takawa a gida, yi amfani da keken guragu idan tsakanin ƙofa da ɗakin likita akwai nisa, don ka ajiye ƙarfin ga gwajin tafiya. Sai dai ka zo da sandarka ko abin dogarawarka na kullum, likita zai so ya ga yadda kake amfani da shi. Da isarka ka sanar da nas idan ba ka iya dogon zama ko kana iya faɗuwa.

Wanda ba ya jin taɓi sosai a ƙasan jikinsa ya riƙa sauya zama kowane minti 15 zuwa 30, a kan matashi, saboda gyambon zama yana iya farawa a yini ɗaya. Mai matsalar fitsari ya ɗauko kunzugun manya, kayan canji da jakar robar fitsari ta biyu. Kada ka ƙi shan ruwa don gudun zuwa bayan gida, hakan na sa awon jini ya faɗi ƙasa ya kawo jiri. Zafi yana tsananta alamomin MS na ɗan lokaci, saboda haka ruwan sanyi da jiƙaƙƙen tawul suna da amfani. Wanda abinci ko ruwa ke yawan sarƙe shi ya kawo abin ci da sha irin wanda ya saba haɗiya lafiya.

Me likita zai yi mini, kuma wane kaya zan sa?

Zai haska idonka, ya sa ka bi yatsansa da ido, ya gwada ƙarfin hannu da ƙafa ta hanyar turawa da ja, ya bubbuga gwiwa da idon sawu da ƙaramar guduma, ya karci tafin ƙafarka, ya gwada jin taɓi da tsini. Zai ce ka taɓa hancinka sannan yatsansa, ka yi tafiya, ka juyo. Ana iya auna hawan jininka a kwance sannan a tsaye. Ana iya yin gwajin tunani na kusan minti 10. Sa kaya masu faɗi da za a naɗe har sama da gwiwa da gwiwar hannu, da takalmi mai sauƙin cirewa. Zo da tabaranka da na'urar ji idan kana amfani da su, kada rashin gani ko ji ya rage maka maki a gwajin tunani.

Idan ranar ta zo jikina da sauƙi fa? Ina tsoron a ce lafiyata ƙalau.

Wannan na faruwa sosai, kuma likitocin jijiyoyi sun san ciwon yana hawa da sauka. Abin da ke ɓata lamari shi ne amsar da baki ya saba. An tambaye ka jiki, ka ce da sauƙi, an rubuta haka. Gaisuwa daban, bayani daban. Ka ce: "Yau rana ce mai kyau. A mako ina samun irinta sau biyu, sauran kwanakin ba na iya wanka sai da taimako." Auna ciwon da aiki: taku nawa kake yi kafin ka huta, kana iya ɓalla maɓallin riga, riƙe cokali, tashi daga kujera ba tare da an kama ka ba? Me kake iya yi wata 6 da suka wuce wanda yanzu ya gagara? A wajen gwaji kuma ka yi iyakar ƙoƙarinka, kada ka ƙara kada ka rage. Littafin alamomi da bidiyon da aka yi bayaninsu a sama su ne shaidar munanan kwanakin.

Akwai abubuwan da kunya ke sa a ɓoye, alhali suna cikin cutar kuma da yawansu ana maganinsu: kuɓucewar fitsari ko bayan gida, taurin ciki, raunin saduwar aure, dalalar miyau, baƙin ciki mai nauyi, ganin abin da babu shi, da tunanin mutuwa. Wasu magungunan Parkinson kamar pramipexole da ropinirole suna iya jawo caca, kashe kuɗi ba kai, ko sha'awa mai wuce kima, kuma mutane kan ɗauka halinsu ne ya lalace. Idan baki ya yi nauyi, rubuta a takarda ka miƙa.

Maganata ba ta fita sosai, ko ina mantuwa. Yaya zan yi?

Sa layi ɗaya a saman shafin taƙaitawarka: "Ina ganewa, amma ina buƙatar lokaci kafin in amsa", ko duk abin da ya dace da halinka. Nemi a yi maka tambaya ɗaya-ɗaya, wadda za a amsa da e ko a'a. Nemi izinin naɗar muryar likita a waya lokacin da yake bayanin magani, ko ya rubuta maka. Idan ba ka jin harshen da ake aiki da shi a asibitin, a nemi tafinta tun lokacin kiran da aka ambata a amsa ta biyu.

An rubuta mini gwaji. Akwai shiri na daban?

MRI maganaɗisu ne mai ƙarfi. Faɗi tun kafin ranar idan kana da na'urar daidaita bugun zuciya, na'urar da aka dasa a ƙwaƙwalwa ko kunne, ƙarfen tiyata, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido. Za ka kwanta ba motsi na minti 20 zuwa 60 cikin ƙara mai yawa, saboda haka mai karkarwa, mai tsoron matsattsen wuri da wanda numfashi ke yi wa wuya a rigingine su sanar da wuri. Idan za a yi allurar da ke ƙara hasken hoto, za a tambayi lafiyar ƙodarka da batun ciki.

Don EEG, a wanke gashi a bar shi ba mai, a warware kitso mai tsauri, domin wayoyin sai sun manne da fatar kai. Kada ka hana kanka barci sai in an umarce ka. Don gwajin jijiya da tsoka, wato EMG, kada a shafa mai a hannu da ƙafa, kuma a bar su da ɗumi, sanyi yana canza sakamako. Kafin EMG ko ɗibar ruwan laka ta baya, faɗi idan kana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko clopidogrel, likita ne zai ce a tsayar ko a ci gaba. Bayan ɗibar ruwan laka wasu kan yi ciwon kai da ke tashi in sun miƙe ya lafa in sun kwanta, don haka a tanadi mai mayar da kai gida.

Me zan tambaya kafin in fita?

Zaɓi damuwa uku mafi girma ka faɗe su a farkon ganawa, kada ka bar mafi nauyi sai an tashi. Kafin ka fita ka san sunan cutar a rubuce, ko abin da ake zato idan ba a tabbatar ba. Game da sabon magani, tambayi yadda za a ƙara shi mataki-mataki, mako nawa kafin a ga amfaninsa, illar da za ka jure da wadda za ta sa ka dawo nan take, da abin yi idan ka manta sha ɗaya. Tambayi batun tuƙi da aiki a wuri mai tsawo ko kusa da wuta da ruwa, ko kana buƙatar gashin ƙashi ko mai koyar da magana da haɗiya, yadda za ka samu sakamakon gwaji, da wanda za ka tuntuɓa kafin rana ta gaba. Daga nan ka maimaita tsarin da bakinka, likita ya gyara inda ka ji ba daidai ba.

Jikina ya rikice kafin ranar. In jira?

Kada ka jira idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko rikicewar magana farat ɗaya, farfaɗiyar da ta wuce minti 5 ko ta sake tashi kafin hankali ya dawo, ciwon kai mafi tsanani da ya zo kamar tsawa, wahalar numfashi ko haɗiya, gushewar gani, kasa fitsari tare da sabon raunin ƙafafu, ƙuraje da zazzaɓi bayan fara carbamazepine, phenytoin ko lamotrigine. A tafi sashen gaggawa da jakar takardu da magunguna. A shanyewar ɓarin jiki a riƙe lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa 4 da rabi ake yin ta.

Idan tsofaffin alamomi ne suka ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ko ciwon mafitsara ne sanadi. A je asibiti mafi kusa a gwada, a kuma sanar da asibitin ƙwararru ko za su matso da ranar.

Bayan na dawo gida fa?

A ranar ko washegari, kai da ɗan rakiyarka ku karanta abin da ya rubuta, ku sabunta jerin magunguna, ku ware kwalayen da aka ce a daina don kada su cakuɗe da sababbi. Rubuta ranar da ka fara sabon magani a littafin alamomi, ita ce za a auna canji da ita a gani na gaba. Idan an ce sakamako zai fito cikin mako 2 kuma shiru, kira ka tambaya, kada ka ɗauki shirun a matsayin albishir. Ƙirga ƙwayoyinka ka ga ko za su kai rana ta gaba, in ba za su kai ba ka nemi sabuwar takardar magani tun saura mako guda su ƙare.